Ranar da Aka Wanke Tanderun Baba Arzika

Ran nan na shiga gidan jikana Nuradin, na tarar da shi da abokansa sun kewaye wani koren abu mai kama da ƙwan jimina, an ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe. Wai murhun gashi ne na yumɓu da aka kawo masa daga waje, har da agogon zafi a marfinsa. Sun gasa kaji da shi, kajin sun fito waje baƙi ƙirin, ciki jini, shi ne yau suka tashi wanke shi. Nuradin yana riƙe da bokiti cike da ruwan sabulu. Ban san lokacin da na ɗaga sandata ba.

"Ajiye bokitin nan!"

"Haba tsoho, datti fa ya yi," in ji shi.

Wani abokinsa mai gilashi ya ce, "Kaka, gashi ma har wani aiki ne? Wuta ce da nama, shi ke nan."

To, ku da kuke cewa wuta ce da nama, ku matso. Abin nan da kuke wa kallon sabon abu, kakansa na yi wa bauta a kasuwar Katako tun iyayenku ba su san hanyar lakwal ba, wato makarantar boko.

Na zo Yamai a farin farko, wanda ya ci shanun arewa kafin soja su karɓi mulki. Ɗan manomi ne ni daga wajen Madawa, ban gaji wuƙa ba, ban gaji wuta ba. Dako nake yi a Katako, yau azara, gobe buhun gero. Layin masu gashi yana bakin kasuwar, kowa da tukubarsa ta toka da tsirensa a jere, ban da wani dattijo Ba'adare a ƙarshen layi, Baba Arzika. Shi tanderu gare shi. Ɗan'uwan na gurasa ne, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, amma yana da marfin yumɓu mai ɗan rami a tsakiya, da ƴar ƙofa a gindi wadda ake toshewa da tsingaro. Wata maginiya ce ta bakin kogi ta gina masa shi tun yana da sauran baƙin gashi a ka. Cikinsa ya yi baƙi sumul yana sheƙi, saboda kitsen shekaru da ya sha. Ƴan layi suna yi masa tsiya, suna cewa namiji da tukunya, girkin mata yake yi. Shi kuwa ko a jikinsa, ma'aikatan gwamnati suna tsallake tukubarsu su zo wurinsa.

Aikin farko da ya ba ni mafici ne. Na karɓa na hau fifita da ƙarfin ɗan dako, toka ta tashi ta rufe naman mutane.

"Kai, wa ya ce maka ka kori ƙuda?" in ji shi. "Wuta ba a yi mata hwaɗa. Ta ƙofar ƙasa za ka ba ta iska, kaɗan-kaɗan, kamar kana shayar da maras lahiya."

Na yi wata da watanni a tsugune gaban ƙofar nan kafin ya yarda in taɓa nama. A nan na gane cewa a tanderu iska ce wuta. Ka buɗe ƙofar ƙasa, zafi ya hau. Ka rage ta, ya sauka. Ka toshe ta da ramin marfi, wutar ta mutu da kanta, gawayin da ya rage ya kwana ya jira ka gobe. Ku kuna da agogo a marfi. Mu bayan hannu muke ɗorawa kan ramin, mu kama salati. In hannu ya gudu tun ba ka yi nisa ba, wutar ta tsire ce. In ka kai ƙarshe hannunka yana nan, ta cinya ce.

Wata rana ya aike ni wurin maƙerin bayan kasuwa in karɓo awartaki. Na ga maƙerin ya miƙo wani dogo da ya kusa tsawon hannuna, na ce wannan ai na ƙira ne. Sai da na zura hannu cikin tanderu da gajere na ji yadda gashin hannu ke wari, sannan na daina gardama. Maƙerin nan shi ya yi mana wayar da ake ɗora nama, guda biyu, ta ƙasa da ta sama, da ƙugiyar jan toka. Kada ku raina ƙugiyar nan. Toka in ta taru a gindi ta shaƙe ƙofa, sai ka yi ta fifita har kafaɗarka ta sage, wuta ba ta ji. Sai babban tsingaro, ɓarin tsohon kasko, wanda ake kifawa tsakanin garwashi da nama don kada harshen wuta ya lashe shi. A kansa ake ɗora ɗan kwanon ruwa. Kajinku da suka ƙone, rashin tsingaron nan ne. Na duba kwalin murhunku na ga an sako muku irinsa, fari mai ƙafa uku, kun ɗora tukunyar shukar fulawa a kai.

Sayen gawayi ma da kansa yake zuwa, ina biye da buhu. Yakan ɗauki guda biyu ya gwara su. In sun yi ƙara kamar ƙarfe, na ƙirya ne, ya saya. In sun yi shiru sun rugurguje, ya wuce ko sallama babu. Kananzir kuwa ko kwalbarsa ba ta kusantar wurinmu. Yumɓu yana shan wari, abin da ya sha kuma shi zai riƙa mayar maka cikin nama har ya fashe. Da ƴar busasshiyar kaba da ɓawon gyaɗa muke kunnawa.

Akwai wani mushe, wato malamin lakwal, ɗan Damagaram da ke zuwa kullum da azahar, kullum kuma sauri yake yi. Ranar da Baba ya fara bar mini tanderu ya tafi masallaci, mushen ya tsaya a kaina yana duba agogo, na ɗage marfi gaba ɗaya. Wutar da ta daɗe a shaƙe ta ji iska, ta yi tsalle ta gaishe ni. Baba ya dawo ya tarar da ni ba gira, ba gashin goshi. Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "To, an yi maka askin shiga sana'a." Daga ranar nake ɗaga marfi kaɗan in mayar, in ƙara ɗagawa in mayar, kafin in buɗe. Kuma da tsumman buhu mai kauri, ba da gefen riga ba.

Dokar da ta fi duka kuwa, ya faɗa mini ita ya maimaita har na gaji da ji: "Kak ka sa mishi ruwa, Habu. Ko da wasa." Yumɓu yana shan ruwa ya ɓoye a cikin jikinsa. In wuta ta same shi a haka, ruwan ya tafasa ya nemi hanyar fita, hanyar kuwa ita ce ya tsaga tanderun. Dattin tanderu wuta ke cinye shi, sai ka bi da busasshiyar tsintsiya.

Haka muka yi shekaru har fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni. Kogi ya janye har mutane suna ratsa shi da ƙafa. Makiyaya suka gangaro da abin da ya rage musu, dabbobi fata da ƙashi, suna roƙon a saya. Nama ya yi araha, amma wane nama? Ka ɗora shi a tukuba ya bushe ya koma igiya. Gwamnatin soja kuma ta tsaurara kan saran itace, masu tsaron daji sun tsare hanyoyin shigowa gari, kuma a zamanin nan ba a yi wa mai kaki gardama. Ice ya zama abin nema, gawayi ya fi shi. Ƴan layinmu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa tanderu ya rufa mana asiri, don gawayin da tukuba ke cinyewa kafin azahar, mu yana kai mu kwanaki. Mahaifiyata da ƙannena da ƴaƴansu duk sun baro ƙauye sun sauka a ɗakina. Jar dawar da kamiyon soja, manyan motocin kayan nan, ke rabawa ba ta isa ko'ina, bakin kowa yana kan tanderun nan.

A cikin wannan hali Baba Arzika ya kwanta, bai tashi ba. Allah ya ji ƙansa. Bai bar ɗa namiji ba, ya bar mini tanderu da awartaki. Amma wurin da tanderun yake zaune ba nasa ba ne da zai bayar, a hannun Sarkin Fawan layinmu yake. Bayan sadakar arba'in Sarki ya kira ni.

"Ɗan Madawa, kai ba ɗan gado ba ne," in ji shi. "Ga ƴaƴanmu nan zaune ba wuri. Arzika mun ƙyale shi da tukunyarshi don girmanshi. Kai mi za mu duba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba aikina."

Ya yi dariya. Ana cikin haka Isufu ya yi sallama. Isufu direban kamiyo ne, mutumin Maraɗi, shi ke ɗauko wa Sarki dabbobi, kuma tsohon mai sayen namanmu ne. Ya auri Bazabarma a unguwar Gamkalley, sun daɗe ba haihuwa, sai ga shi Allah ya ba su ɗa namiji a tsakiyar fari. Ya zo neman wanda zai gasa masa ragon suna. Al'adar Yamai a baje rago kan sanduna a kewaye shi da ice mai yawa, to ina icen? Ragon kuma da aka gani a bayan kamiyo, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Duk ƴan layi suka ce a soya shi kawai a huta. Isufu ya ce ɗan da ya jira haka ba za a yi masa sunan suya ba.

Sarki ya juyo ya dube ni. "Ga aikin da ka ce a duba. Ni ma ina cikin gayya. In na ci na ji nama, wurin Arzika naka ne. In na ji igiya, ka kwashe tukunyarka."

Na san ya faɗi haka ne don ya ga ragon. Amma na ce na yarda, domin ba ni da wata ƙofa.

Ana gobe suna, da la'asar, na tone tanderu daga mazauninsa, na naɗe shi da buhuna, na ɗora a sharet, wato amalanken jaki, muka bi gudron, hanyar kwalta, a hankali har Gamkalley, hannuna yana kansa duk hanya. Na sauke shi a tsakar gidan Isufu gindin wani lemun tsami, na jera kayana a gefe, da ɗan gawayin ƙirya da na tara, wanda na san iyakarsa gashin rago guda ne. Na koma gida.

Da safe aka raɗa suna, aka yanka rago, na feɗe shi a ƙofar gida, na shiga ciki in kunna wuta. Sai na ga wani jan tanderu a gindin lemu. Na ɗauka na maƙwabta ne. Da na matsa na ga ƙasar da ke kewaye da shi a jiƙe, na leƙa ciki. Baƙin nan mai sheƙi babu shi, an kankare shi tas da yashi da soso. Marfin ma yana jingine a gefe yana ɗigar ruwa.

Wata tsohuwa ta taso tana murmushi, bakinta ba haƙori ko ɗaya. Surukar Isufu ce, ana ce mata Nya Gambi, wato Inna Gambi da Zabarmanci. Ta yi magana, wata mata ta fassara mini. Wai tun asuba ta ga tukunyar baƙo ta yi dauɗa, ta ce ba a dafa naman jikanta cikin ƙazanta ba, kuma bai kamata baƙo ya wahala da wanki ba. Ruwan kuwa da kanta ta je ta ɗebo daga ramin da ake tonawa a cikin kogi, tulu bayan tulu, a shekarar da mutane ke alwala da rabin buta.

Na sake leƙa cikin tanderun. Kitsen hannun Baba Arzika na shekaru ne ta wanke, kuma na ji zafinsa har cikin raina. Ga shi tanderu jiƙaƙƙe yana son kwanaki a rana, ni kuwa zuwa la'asar nake da shi. Amma tsohuwar tana tsaye tana jiran godiya. Mutum ya yi maka alheri da ruwa a shekarar nan, da wane baki za ka yi masa faɗa? Na durƙusa na ce, "Fofo, Inna. Allah ya saka."

Isufu ya shigo ya ga fuskata, ya ja ni gefe. "Habu, lafiya?"

Na gaya masa. Ya dafe kai. "Yanzu ya za a yi? In aika a nemo wani?"

"Babu wani a garin nan. Ka samo mini rushi."

"Rushi?"

"Tokar murhu mai zafi. Duk gidan da aka hura wuta yau a Gamkalley, a kwaso mini. Da busasshen kashin shanu."

In na taɓa gawayina wajen busarwa, ba abin gashi. In na sa wuta mai ƙarfi, tanderu ya tarwatse. Abin da yake so zafi ne mai taushi, ciki da waje lokaci guda. Na jawo shi daga inuwa na kai shi tsakiyar rana, ita kam a shekarar nan ba a rasa ta ba. Kashin shanu kuwa ga shi nan zube a bakin kogi inda makiyaya suka yada zango. Na jera shi a kewaye daga waje, nesa kaɗan, na kunna, don hayaƙinsa kada ya shiga ciki.

Maganar ta kai kunnen Nya Gambi. Na ga murmushin ya ɓace, ta kama baki. Na ce yanzu za ta shige ɗaki don kunya. Ina! Sai ta ɗaura zane, ta sunkuci kasko ta fita. Ita ta bi gida-gida, tana kiran mata da sunayensu, tana yi musu faɗa da Zabarmanci in sun yi nawa. Kafin hantsi ya yi zafi mata suna shigowa a jere, kowace da kaskon rushi. Ina zubawa a gindin tanderu, in ya huce in janye da ƙugiya in zuba sabo. Tururi ya fara tashi daga jikinsa. Na kara kunne na ji yana ƴar tsuwa a ciki. Lokaci-lokaci ina ƙwanƙwasa shi da awartaki. Jiƙaƙƙen yumɓu ba ya amsawa, sai ka ji dum. Ni kuwa ƙarar nan ta busasshe nake jira.

Rana ta take tsaka, Sarki ya iso da mutanensa, aka shimfiɗa musu tabarma a rumfar ƙofar gida. Ya leƙo ya ga rago a rataye ɗanye, ni kuma ina ƙona kashin shanu.

"Ɗan Madawa, gini ka zo yi ko gashi?"

"Ranka ya daɗe, ana hanya."

"Hanyar Makka ke nan," in ji wani, aka kwashe da dariya.

Wajen azahar tsuwar ta ɗauke. Na ƙwanƙwasa, ya amsa. Na yi bismilla na sa gawayi kaɗan, na ba shi iska a hankali. Zafi ya fara hawa lafiya. Har na fara sakin jiki sai na ji ƙas! Tsaga ta fito daga baki ta gangaro kamar tsawon taƙi, ta tsaya. Na tsaya ni ma, ina jiran ta ci gaba. Ba ta ci gaba ba. Tsaga ba fashewa ba ce, amma iska za ta riƙa shiga ta nan ta haukata wuta. Isufu ya ruga kamiyonsa ya yanko mini waya, na ɗaure wuyan tanderun na murɗe da awartaki. Wani mai lambu ya kawo laka daga bakin rijiyarsa, na kwaɓa ta da toka da kauri na liƙe tsagar daga waje.

Sannan na koma kan rago. Na raba shi gaɓa-gaɓa. Kitse babu, sai ɗan abin da ya maƙale a ƙoda, na yanyanka shi na cusa cikin cinyoyi. Na shafe naman da man gyaɗa da gishiri da yaji, na shafe cikin tanderun ma da man, tunda an raba shi da nasa. Na kifa tsingaro kan garwashi, na ɗora kwanon ruwa, na cika shi da albasar lambun Gamkalley. Cinyoyi da kafaɗu a wayar ƙasa, haƙarƙari a ta sama, na lulluɓe su da takardar siminti da na jiƙa da mai. Na rufe marfi, na bi bakinsa da laka. Ƙofar ƙasa na bar mata abin da bai fi shigar ɗan yatsa ba. Na ɗora bayan hannu kan rami, na kai ƙarshen salati har na ƙara wani.

Daga nan aikin ya koma zama. Wannan shi ne abin da ku yaran yanzu ba ku iya ba. Aka yi la'asar. Aka ci tuwo, aka sha fura, ba nama. Wasu baƙi suka fara neman takalmansu. Sarki ya aiko a ce in buɗe a gani, na ce a ba shi haƙuri. Ya sake aikowa. Karo na uku ya taso da kansa.

"Buɗe tukunyag ga."

"Ranka ya daɗe, in na buɗe yanzu tururin ya tafi, kuma ba ni da gawayin da zan maido shi."

"Ni kake hanawa?"

"Ni ban isa ba. Naman ne bai ba da izini ba."

Ban san inda na samo bakin ba. Isufu yana gefe zufa tana keto masa. Nya Gambi kuwa ta jawo kujerarta ta zauna kusa da tanderu da maficina a hannu, duk wanda ya matso sai ta harare shi. Sarki ya dube ta, ya dube ni, ya koma tabarmarsa.

Rana ta yi ja, sai ƙamshin ya sauya. Da farko albasa ake ji, yanzu kuwa nama ne ke magana. Waɗanda suka sa takalma suka cire. Na ɓamɓare lakar, na ɗaga marfi kaɗan na mayar, na ƙara ɗagawa na mayar, sannan na buɗe. Na kama cinya da awartaki, sai ta nemi rabuwa biyu, dole na tallafe ta da faranti. Na kai gaban Sarki na durƙusa.

Bai taɓa ba. Ya ce, "Mu masu haƙori ko fata muka samu muna taunawa. A ba tsohuwa ta fara."

Kowa ya gane nufinsa. Na yago tsoka na kai wa Nya Gambi. Ta sa a baki, ta mutsa shi da dasashi, ta lumshe ido, ta haɗiye. Sai ta miƙo hannu a ƙara. Mata suka saki guɗa daga cikin gida. Sarki ya kai hannu ya kama ƙashin cinya ya ja, ƙashin ya fito fari fes ba ko tsoka a jikinsa. Ya juya shi yana dubawa. Ya ci loma, ya ci ta biyu, ya daina kallon kowa. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa hannuwana. Ragon da aka ce a soya, ko ƙashinsa sai da yara suka yi rububi.

Ana cikin wanke hannu, Nya Gambi ta leƙa tanderu ta ga ya yi maiƙo da toka. Mantuwar tsufa ce ko saba wa hannu da tsabta, oho, sai ga ta ta nufo shi da tulu a ka. Kafin in tashi, Sarkin Fawa ya riga ni. Da girmansa da rawaninsa ya tare gabanta ya baje hannuwa.

"A'a, Inna! Kada a sake sa wa tanderunmu ruwa!" Ya juyo gare ni. "Habu, ɗauke shi ka maida shi wurinshi. Gobe ka buɗe da wuri, ina da baƙi."

Ranar ce ya fara kirana da sunana. Tanderun nan ya ciyar da gidanmu har ruwan sama ya dawo, ya aurar da ƙannena, ya kai babanka lakwal, Nuradin. Yana nan a zaurena da wayar kamiyon Isufu a wuyansa, cikinsa ya sake yin baƙi, wannan karon da kitsen hannuna.

Saboda haka ka kai ruwan nan ka zubar a bayan gida. Ka ciro farin tsingaron daga ƙarƙashin fulawarka, ka aika a samo dogon awartaki da gawayin ƙirya. Kai kuma mai gilashi, da ka ce wuta ce da nama, karɓi maficin nan ka tsuguna gaban ƙofar ƙasa. Ba ka taɓa nama ba sai na ce.